Shekarar da Mangwaro Ya Riga Sanyi Zuwa

Jama'a, ni ba marubuci ba ne, kuma ban zo roƙon kowa ya yarda da ni ba, don waɗanda suka gan ni da idonsu a lokacin ma wasunsu har gobe cewa suke ƙarya na shirga, balle ku da ba ku taɓa ganina ba. Amma na rantse da Wanda raina ke hannunSa, abin nan da zan ba ku a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma in na ƙara gishiri Allah Yana gani.

A shekarun nan sana'ata feshi ce. Ina zaune a Gwarzo da iyalina, ina da babur ɗina da injin feshi irin na goyawa a baya, in damina ce in yi feshin ciyawa da na wake, in rani ya shigo in bi lambuna da 'yan fadama, tun daga Getso har cikin ƙasar Kabo kusan ba ƙauyen da ƙafata ba ta taka ba. To akwai wata shekara, waɗanda suke yankinmu za su tuna ta, damina ta ɗauke lafiya lau, aka yanke gero, aka kai dawa rumbu, mata suka fito da barguna da rigunan sanyin yara suka wanke suka shanya ana jiran hunturu, sai hunturu ya ce bai san zancen ba. Zafi kawai. Wallahi zafi irin na tsakiyar bazara, a watan da ya kamata a ce tsofaffi na jin ɗumi a bakin murhu da safe. Man shanu ko daskarewa ba ya yi a ƙwarya, masu gwanjon suwaita a kasuwa sun zuba tagumi suna kallon kayansu, masu alkama a fadama kuwa hankalinsu ya gama tashi, don ita alkama in ba sanyi ba ta yin komai. Kowa a fusace yake, ka yi wa mutum sannu ya harare ka.

Ana cikin haka sai itatuwa suka rikice. Duk wanda ya san mangwaro ya san sai ya sha sanyi ya ƙoshi sannan yake yin huda, amma a shekarar nan tun ba a gama sussukar dawa ba sai ga fure, nan wata bishiya, can wata, har ɗorawa da lemo suka biyo baya. A majalisa wasu su ce canjin yanayi ne da ake ta faɗa a rediyo, wasu su ce alamun ƙarshen zamani ne, ni dai nawa shi ne aiki ya samu, don masu lambu sun tsorata kada zafin ya kakkaɓe furen, kowa na neman a fesa masa maganin da ke riƙe shi.

Sai wani ɗan kasuwa da ke zaune a birni ya kira ni a waya, bari in ce masa Alhaji Bala, ba sunansa ke nan ba. Ya sayi wani tsohon lambun mangwaro a wani ƙauye ta wajen Durun, bai daɗe da saye ba, kuma mutum ne da ba ya magana sai da tsawa, ko gaisuwa ba ya bari ka ƙarasa. Ya ce lambunsa ya yi furen da ba a taɓa gani ba, in je gobe goben nan in fesa, kuma kada in bar masa bishiya ko ɗaya. Na ce to, ranka ya daɗe.

Da hantsi na isa. Tun daga nesa na hango lambun, kai, abin ba kyan gani don yawa! Ba ka ganin ganye sam, fure ne ya lulluɓe ko'ina fari sol da ratsin ja, rassa har sun sunkuyo, ƙamshinsa kuwa ya yi nauyi har yana hawa kai. Akwai wani gida guda ɗaya a gefen lambun, da garken shanu a bayansa da rijiya a gabansa, nan na tsaya in cika jarkokina. Mai gidan wani dattijo ne dogo siriri, Malam Iro, irin Fulanin nan da suka daɗe da zama suna noma, yana da amya da ya ɗora a kan itatuwan bakin gonarsa yana samun zuma. Na yi masa sallama, ya amsa a daƙile. Na ce Baba ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya dabbobi, bai amsa ko ɗaya ba, injin da ke bayan babur ɗina kawai yake kallo.

Ya ce, "Kai ne mai guba?"

Na ce, "Baba ba guba ba ce, maganin riƙe fure ne, ba zai taɓa maka ƙudan zuma ba in Allah Ya yarda."

Sai ya yi wata dariya marar daɗi ya ce, "Ƙudan zumana? Je ka duba ko za ka ga ɗaya a ciki. Tun da furen nan ya fito suke tsallake shi, su tafi can nesa su nemi ciyawa. Ɗora jarkokinka ka koma inda ka fito."

Na ce aiki aka sa ni. Ya ce shi ma wanda ya sa ni ɗin an faɗa masa tun ranar da ya zo saye, ya zagi mutane. Na ce to me aka faɗa masa? Sai ya fizge gugan da na ɗauka daga hannuna ya ce ba da ruwan rijiyarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a zatona baƙin ciki ne kawai irin na maƙwabci da ya so lambun bai samu ba, na faɗa masa cewa ruwa na Allah ne, ya ce to in je in nema wajen Allah. Haka na hau babur na tafi har wata fadama na ɗebo, shi ya sa ban fara aiki ba sai da rana ta take.

Abin da na fara lura da shi da na shiga shi ne shiru. Ku da kuka san mangwaro mai fure kun san yadda yake, ƙudaje da zuma da ƙananan ƙwari suna ta ɗiii har ba ka jin maganar na kusa da kai. To nan babu. Ko tsuntsu. Ƙarar famfon injina kawai nake ji da numfashina. Kuma zafin cikin lambun ya fi na waje, alhali inuwa ce, wani irin ɗumi ne da ke tasowa daga ƙasa yana ratsa takalmin roba, kamar ka taka wurin da aka kwashe garwashi. Na yi bisimilla na ci gaba, ina bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba har cikin idona, na ƙarar da tanki na sake haɗawa, ina ta kutsawa ciki.

A tsakiyar lambun akwai wata tsohuwar bishiya da ta fi duka girma, rassanta sun sauko har suna shafar ƙasa. Na tsaya ta gefe guda na ɗaga sandar feshin sama na jiƙe ta sosai, ruwan yana ɗigowa ta cikin furen, sannan na zagaya in yi ɗaya gefen. Ina zagayowa na ji wani sauti, kaf kaf kaf kaf, a hankali. Na ɗauka wani abu ne ya kwance a injin. Ashe haƙora ne.

Wani tsoho ne a tsugune a gindin bishiyar, ya ƙudundune cikin gwado mai kauri, da hular sanyi har kunne, ya miƙa hannuwansa biyu a kan ƙasa yana juya su kamar mai jin ɗumin wuta, kuma wallahi ba wuta a wurin, busasshen ganye ne kawai. Jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. A bayansa akwai wasu, ban tsaya ƙirga su ba, manya da ƙanana, duk a lulluɓe, duk sun juya mini baya sun matsu da juna. A zafin nan da ni ko singileti ji nake kamar in yaga ta! Ruwan da na fesa yana ta ɗiga a kansu, ɗis, ɗis.

Na ce, "Subhanallahi! Baba ku yi haƙuri, ban gan ku ba. Sannunku."

Ya ɗago ya dube ni. Fuskarsa ta mutum ce, ba zan yi muku ƙarya in ce na ga ƙaho ko kofato ba, tsoho ne kamar kowane tsoho, sai dai ban taɓa ganin ƙiyayya a idon wani mahaluƙi kamar wadda na gani a nasa ba. Da ya buɗe baki kuwa sai na ga tururi na fita, irin wanda ke fita daga bakin mutum da asubar hunturu.

Ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce Alhaji ne, mai lambun.

Ya ce, "Alhaji. Shi ya kira furen?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Mun daɗe muna jiran ɗumin nan. Mun daɗe. Yau da muka samu yara suka daina kuka, ka zo kana zuba mana ruwa a ka."

Na ce, "Don Allah Baba a yi haƙuri, aiki aka sa ni, yanzu zan fita."

Ya ce, "Haƙurinka zai busar mana da kaya?"

Daga nan na fara ja da baya ina neman Ayatul Kursiyyu a bakina, amma wallahi farkonta ya ɓace mini, ni da nake karanta ta bayan kowace salla. Ban ga lokacin da ya miƙe ba. Na dai ji ya kama mini wuyan hannun dama, wanda ke riƙe da sandar feshin, kuma hannunsa kamar an ɗora mini ƙanƙara. Ya ce, "Tunda sanyi ka kawo mana, ɗauki kayanka ka tafi da shi." Sai na ga na bayansa sun fara juyowa a hankali, su duka a tare, ni kuwa ban tsaya ganin fuskokinsu ba, na zame igiyar injin daga kafaɗa na yar da shi na zura da gudu, rassa na dukan fuskata, furen na zubo mini a wuya.

Na faɗo waje daidai rijiyar Malam Iro, na zube a ƙasa ina cewa Baba ruwa, Baba taimake ni. Yana ganin yadda jikina ke rawa sai ya daka wa matansa tsawa su shige da yara ciki, ya ɗauko sandarsa ta kiwo ya nuna ni da ita daga nesa ya ce, "Tashi! Kada ka tsaya mini a ƙofar gida da shi. Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba? Tashi ka bar nan!" Ko kusa da ni bai zo ba. Haka na rarrafa na hau babur, kuma yadda na kawo kaina Gwarzo Allah kaɗai Ya sani, don iskar da ke dukana a hanya ji nake kamar ana yanka ni da reza, ga mutane a bakin titi suna fifita da kwali.

Maiɗakina na ganina ta ce, "Baban Ummi lafiya? Zazzaɓi ne?" Ta taɓa goshina ta ce ba zafi. Ta lulluɓa mini bargo, ta ƙara wani, ta ɗauko na yara ta ƙara, a banza. Sanyin ba a fata yake ba, a cikin ƙashi yake, daga wuyan hannun nan yake tasowa ya bi kafaɗa ya sauka har tafin ƙafa. Aka kai ni asibiti aka ɗebi jini, ba maleriya ba taifod, suka auna zafin jikina suka ce daidai yake. Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce wataƙila maganin feshin ne ya shige ni, ya ba ni ƙwayoyi da ƙarin ruwa. Ban yi masa musu ba, amma ni na san shekarun da na yi ina wanka da maganin nan bai taɓa sa ni ko atishawa ba.

Makonni na yi a haka. Ku yi tunanin ƙato kamata, da tsakar rana, gari na tafasa, ina tsugune a tsakar gida cikin bargo a gaban kaskon garwashi, 'ya'yana na leƙena daga ɗaki suna tsoron matsowa. Maƙwabta kuwa maimakon jaje sai gulma, wai ƙwaya nake sha, wai asiri na je yi wa wani ya dawo kaina. Akwai matar da ta hana 'yarta shigowa gidanmu ɗiban wuta.

Ana haka sai ga Alhaji Bala da mota har ƙofar gida, bai yi sallama ba ya faɗo zaure yana kiran ina macucin yake. Wai furen lambunsa duk ya yi baƙi ya zube ƙasa washegarin ranar da na je, duka, har itatuwan da ban kai gare su ba, saboda haka na haɗa magani ba daidai ba na ƙone masa lambu, ko kuma maƙiyansa ne suka saye ni. Aka riƙo ni na fito a lulluɓe, mutane sun taru. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ji munafuki, wai shi marar lafiya. A zafin nan!"

Na ce, "Alhaji, wallahi akwai mutane a lambunka." Na faɗa masa abin da na gani, a gaban kowa, haƙorana na kaɗawa.

Ya ce, "Mutane? A lambun da na saya da guminai? To ni zan je da kaina in kore su, in ga uban da ya tsaya musu. Kai kuma ka gama feshi a ƙasar nan." Ya kuwa cika alkawari, don duk wani mai lambu da ya sani daga Gwarzo har Kabo sai da ya kira shi ya ɓata ni, mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru suka daina ɗaga wayata.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka ɗauke ni aka kai ni Getso wajen ƙanin mahaifiyata, malami ne mai makarantar allo, ba ya son hayaniya. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ka gama? To kada ka sake ba wa kowa labarin nan sai ka warke." Na ce Kawu su wane ne? Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba na neman sani. Halittun Allah yawa gare su. Mu dai roƙonSa za mu yi." Kullum ya yi mini tofi, ya ba ni rubutu in sha in shafa, ya sa ni a gaba da azkar safe da yamma. Na ɗan samu sauƙi har ina iya tsayuwa salla, amma sanyin yana nan, ya dai lafa ne kamar kare da ya kwanta a bakin ƙofa.

Ranar da sanyin ya sake ni kuwa ba wani abu aka yi na daban ba. Lokacin har mutane sun fid da rai da hunturu, an shiga watan da ya kamata a ce zafi ya fara dawowa, sai gari ya waye da wani irin sanyi mai tsanani, rana ɗaya, ba gargaɗi. Ina jin matan gidan Kawu suna ta neman inda suka cusa barguna, yara na kuka, ni kuwa na farka sharkaf da gumi. Na ture bargon na fito tsakar gida daga ni sai singileti, kowa na karkarwa ni ina jin daɗin iska. Kawu ya fito alwala ya gan ni, ya ce alhamdu lillahi, ya wuce masallaci.

Bayan na yi ƙarfi na koma ƙauyen, ba don komai ba sai don injina, shi ne jarina. Na tarar da Malam Iro a bakin garke. Na yi zaton ganin na rayu zai sassauta, ina! Ya ce injin yana can inda na yar da shi, ba wanda zai taɓa, in ina so in shiga in ɗauka. Na ce Baba don girman Allah su wane ne mutanen nan? Ya ce, "Na ce maka na san su ne? Ni abin da na sani, tun ina yaro shanunmu ba sa kwanciya ta wannan gefen. Muna zaune lafiya, ba mu taɓa su ba ba su taɓa mu ba, sai da kuka zo." Ya nuna mini amyoyinsa da sanda, ya ce tun ranar da na yi feshin zumar ta tashi gaba ɗaya, ko ɗaya ba ta dawo ba, kuma shi bai yafe ba. Na tsaya a bakin lambun ina hangen ciki, itatuwan sun yi kore shar kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ƙafata ta ƙi shiga. Na juyo na bar injin, kuma daga ranar na bar feshi, yanzu kayan miya nake sayarwa.

Shi Alhaji Bala an ce ya je lambun kamar yadda ya yi rantsuwa, ni ban gani ba, ba kuma zan ce ga abin da ya tarar ba. Abin da na gani da idona shi ne, bazarar da ta biyo baya, ana tsakiyar zafin nan da kwalta ke narkewa, motarsa ta tsaya kusa da rumfata a Gwarzo direbansa ya fito sayen albasa. Gilasan a rufe ruf. Na leƙa, sai ga Alhaji a kujerar baya, ya rame ya yi baƙi, da suwaita a kan babbar riga da bargo a cinya, ya cusa hannuwansa a hammata. Muka haɗa ido. Na ɗauka zai sauke gilashi ya ce wani abu, ko zagi ne, sai ya kau da kai. Direban ya ce mini wai ciwon suga ne ke damunsa. To, wataƙila shi ne. Ban ƙara ganinsa ba, kuma ban tambaya ba.

Har yau ban san me na gani a gindin bishiyar nan ba, ban san ko zafin ne ya fito da su ko su ne suka jawo zafin ba, malaman da na tambaya daga baya kowa da abin da yake faɗa. Ni dai shawarata gare ku, musamman masu shiga gonaki da lambunan mutane neman abinci, in kuka ga abu ya zo ba a lokacinsa ba, komai kyansa, ku daina rawar jiki a kansa. In mutanen wuri suka ce kada ku shiga, ko da zagi suka faɗa muku, ku tsaya ku ji dalili kafin ku yi fushi. Ku yi sallama kafin ku zagaya bayan kowace bishiya, ku riƙe azkar ɗinku tun daga gida, don a can ciki ba lallai ne bakinku ya tuna ba. Wanda kuma ya ga dama ya ce ƙarya nake, lambun yana nan, ban ji an sare shi ba. Allah Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba ma gani.